JARRABAWAR AUNA BASIRA: JAGORA GA MASU NEMAN AIKI

Zuwa shekarar 1927 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta riga ta iso Kafanchan, inda ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta nufi Jos. Tun daga lokacin garin ya zama matattarar masu neman aikin albashi. A wancan zamani masu takardar makaranta kaɗan ne, aiki ne ke nemansu. Yau kuwa al'amarin ya juya. Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da sauran makarantu suna yaye ɗalibai kowace shekara, alhali guraben aiki ba su kai yawan masu nema ba. Saboda haka hukumomi da bankuna da kamfanoni sukan tace masu nema ta hanyar jarrabawa kafin a kira kowa ganawa. Nufin wannan ɗan littafi shi ne ya bayyana wani sashe na jarrabawar wanda yakan rikita mutane da yawa, watau sashen zane-zane da siffofi, wanda ake ƙayyade wa lokaci.

MECE CE WANNAN JARRABAWA?

A wannan sashe ba a tambayar tarihi ko nahawu. Akan jera wa mutum siffofi, kamar da'ira, da alwatika, da murabba'i, da kibiya, da ɗige-ɗige, a bar gurbi ɗaya babu kome, sa'an nan a ce ya zaɓi siffar da ta dace da gurbin daga cikin amsoshi huɗu ko biyar. Abin da ake son ganewa shi ne ko mutum zai iya gano ƙa'idar da ke ɓoye cikin abin da bai taɓa gani ba, kuma cikin hanzari.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko rundunar sojan Amurka ta shirya jarrabawa iri biyu domin sababbin ɗauka: ɗaya ta rubutu, ɗaya ta hotuna da alamomi domin waɗanda ba su iya karatun Ingilishi ba. A shekarar 1938 wani masani ɗan Birtaniya mai suna John Raven ya fito da tasa jarrabawar mai tambaya 60, kashi biyar, kowane kashi da tambaya 12, suna farawa da sauƙi suna ƙara tsanani. Yawancin tambayoyin siffofi na yau daga wannan tsari suka samo asali.

A nan gida, mutane ba za su manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, sa'ad da dubban matasa suka yi cincirindo a filayen wasa na Abuja da wasu birane domin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, har aka yi asarar rayuka cikin turmutsutsu. Bayan wannan masifa an ƙara karkata ga yin jarrabawar ɗaukar aiki a kan kwamfuta, rukuni-rukuni. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, kuma a 2018 ita ce ta shirya jarrabawar masu neman shiga aikin 'yan sanda.

AMFANINTA GA ƊAN KARKARA

A kudancin Jihar Kaduna ana magana da harsuna masu yawa, kamar na Bajju, da Atyap, da Ham, da Agworok, da Fantswam, ga kuma Hausa da Fulatanci. Ga yaro da ya tashi a Zonkwa ko Kwoi ko Gwantu, sau da yawa Ingilishi shi ne harshensa na uku. Sashen siffofi shi ne inda wannan nauyi ya fi raguwa, domin da'ira da'ira ce a kowane harshe. Amma kada a ɗauka ya daidaita kowa da kowa. Wanda ya saba ganin irin tambayoyin, ya kuma saba da kwamfuta, yana da rinjaye a kan wanda ya fara ganinsu ranar jarrabawa. Binciken masana ya nuna cewa maki yakan ƙaru idan mutum ya maimaita irin wannan gwaji, kuma ƙarin ya fi yawa a karon farko-farko. Ashe ke nan wanda ya shiga ɗakin jarrabawa bai taɓa gwadawa ba ya yi wa kansa ƙwange.

ƘA'IDOJIN DA AKA FI ƁOYEWA

Masu shirya tambayoyin ba su da ƙa'idoji barkatai. 'Yan kaɗan ne suke jujjuyawa:

1. Juyawa. Kibiya ta dubi sama, sa'an nan dama, sa'an nan ƙasa. Tana bin tafiyar hannun agogo ke nan, don haka ta huɗu za ta dubi hagu.

2. Ƙari ko ragi. Siffa mai gefe uku, sai mai huɗu, sai mai biyar. Mai shida ce za ta biyo.

3. Musaya. Baƙi, fari, baƙi, fari. Ko babba, ƙarami, babba, ƙarami.

4. Ƙaura. Ɗigo yana tashi daga wannan kusurwa zuwa ta gaba a kowane akwati.

5. Haɗi. A jeri mai akwati uku, idan aka ɗora na farko a kan na biyu sai su ba da na uku. Misali, layi a tsaye da layi a kwance su ba da layi biyu da suka gitta juna.

Tambaya mai wuya ba wani abu ba ce illa biyu ko uku daga cikin waɗannan an gwama su wuri ɗaya. Ga misali: farar alwatika da ɗigo a samanta, sai baƙin murabba'i da ɗigo a damansa, sai farar siffa mai gefe biyar da ɗigo a ƙasanta. Mai hankali ba zai dubi hoton dunƙule ba, sai ya warware shi zare-zare. Gefe yana ƙaruwa da ɗaya, don haka shida. Launi yana musaya, don haka baƙi. Ɗigo yana bin hannun agogo, don haka hagu. Amsa ita ce baƙar siffa mai gefe shida da ɗigo a hagunta. A lura, cikin amsoshin za a sa wata mai gefe shida amma fara, da wata baƙa amma ɗigonta na sama, domin su kama mai gaggawa wanda ya gano ƙa'ida ɗaya ya tsaya.

Duk wanda ya taɓa kallon mai saƙar tabarma ya san da ma akwai irin wannan tunani a gidajenmu. Masaƙi yakan san launin da zai biyo tun bai ɗauko kabar ba, mai dara kuma yakan hango inda ɗansa zai faɗa kafin ya taɓa shi.

YADDA ZA KA SHIRYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin sa'a kowace rana har mako huɗu ya fi kwana biyu ana dare ana rana. A makon farko ka ajiye agogo, ka bi tambayoyin a tsanake, kana rubuta ƙa'idar kowace da kalmominka. A mako na biyu ka fara auna lokaci. Daga na uku ka riƙa yin jarrabawa cikakkiya, ba tsayawa, ba duba amsa sai ka gama. Duk wadda ka faɗi, ka koma ka gano dalili: ƙa'idar ce ba ka gani ba, ko gaggawa ce ta kā da kai? Maganin kowanne daban ne.

Idan littafi ya yi wuyar samu, ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya zana tambaya biyar ya miƙa wa ɗan'uwansa. Mai ƙirƙiro tambaya yakan fi saurin gane dabarar mai tambaya. Wanda bai saba da kwamfuta ba kuwa, lalle ne ya je wurin koyo ko da sau uku ne, ya san yadda ake zaɓar amsa, da wucewa gaba, da komowa baya.

RABON LOKACI

Da zarar an ba da umurni, ka raba lokaci da yawan tambayoyi. Idan, alal misali, tambaya 40 ce cikin minti 30, kowace tana da daƙiƙa 45. Wanda ya kafe minti huɗu a kan tambaya ɗaya ya cinye rabon guda biyar, alhali sau da yawa makinsu ɗaya ne. Idan ta ƙi, ka wuce, ka komo in an yarda da komowa.

Ka karanta umurni da kyau ka ga ko ana rage maki saboda amsar da ba daidai ba. Idan ba a ragewa, kada ka bar gurbi ko ɗaya. Cikin amsa biyar, mai cinta da ka yana da rabo ɗaya cikin biyar. Wanda ya fitar da uku da suka saɓa wa ƙa'idar da ya gano ya koma ɗaya cikin biyu.

Idan an tura ka Kaduna ko wani gari mai nisa, ka tafi tun jajibiri, ka ga wurin da idonka, ka sami barci. Ka riƙe takardar gayyata, da lambar shaidarka ta ɗan ƙasa, da duk abin da aka ce a zo da shi.

GARGAƊI

A duk lokacin ɗaukar aiki 'yan damfara sukan fito, wasu su ce suna da tambayoyin, wasu su ce suna da hanya a sama. Iyaye da yawa sun sayar da citta ko akuya sun miƙa kuɗi, ba aiki ba kuɗi. Gurbin aikin gwamnati ba na sayarwa ba ne. Mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi ne, haka kuma wanda ya sa wani ya zauna masa jarrabawa. A nemi sanarwa daga hukumar da ke ɗaukar aikin ita kanta, a lura kuma adireshin hukumomin gwamnati a intanet yakan ƙare da gov.ng. Wanda aka nemi cin hanci a wurinsa yana iya kai ƙara ga hukumar ICPC, wadda aka kafa a shekarar 2000 domin yaƙi da rashawa.

Ana roƙon hakimai da dagatai, da limamai da fastoci, da shugabannin ƙungiyoyin matasa da na mata, su isar da wannan bayani ga 'ya'yansu maza da mata. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Allah ya ba mai rabo sa'a.