Fankar da Ke Tsayawa Don Ungulu Ta Wuce

A kan tuddan Tarifa, can ƙurewar kudancin Sifaniya inda ake hango duwatsun Maroko a tsallaken ruwa, akwai mutanen da ba su da aikin yi sai kallon sama tun hantsi har faɗuwar rana. Kowannensu na rataye da madubin hangen nesa, waya a hannu. Gabansu manyan fankokin lantarki ne jere a kan tudu, iskar teku na juya su dare da rana. Da ɗayansu ya hango ungulu ta doso wata fanka, sai ya kira ɗakin da ake sarrafa injinan. Kafin 'yan mintuna farfelar ta tsaya cak, tsuntsuwa ta wuce abinta, sannan a sake kunnawa.

A 2008 aka fara wannan tsari. Binciken da Manuela de Lucas da abokan aikinta suka wallafa a 2012 ya nuna cewa mutuwar manyan ungulaye a tashoshin yankin ta ragu da rabi. Wutar da kamfanoni suka yi asara saboda tsayawar kuwa kashi 0.07 ce cikin 100 a shekara.

Tarifa ba wurin wasa ba ne ga tsuntsaye. Faɗin mashigin Jibralta bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi tsukewa, shi ya sa manyan tsuntsayen da ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka ke tururuwa ta nan. Shamuwa da gaggafa da ungulu ba su cika kaɗa fiffike ba. Iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa suke hawa, ta ɗaga su sama, sai su baje fukafukai su zame. A kan teku babu irin wannan iska, dole su nemi mafi ƙanƙantar ruwa su tsallaka. Su ma injiniyoyi iskar tudu suke nema, sai aka yi gamo a wuri guda.

Daga nesa, fankar lantarki kamar a kasalance take juyawa. Ido ne ke yaudara. Tsawon kowane fiffiken farfela a manyan injina kan haura mita 50, don haka ƙarshensa kan yi gudun da ya kai kilomita 250 zuwa 300 a awa. Ga kuma wani abin da masanin ganin tsuntsaye Graham Martin ya gano: idan ungulu ta sunkuyar da kai tana neman mushe a ƙasa, ba ta ganin abin da ke gabanta sam. Tun halittarta ba ta taɓa buƙatar duba gaba a sararin sama ba, domin babu abin da za ta yi karo da shi.

Wurin da duniya ta fara koyon darasin nan shi ne Altamont Pass a jihar Kalifoniya ta Amurka. A farkon shekarun 1980 aka dasa ƙananan fankoki kusan 5,000 a kan tuddan da ke cike da kurege, abincin gaggafa da shaho. Wani bincike na 2008 ya ƙiyasta cewa tashar na kashe tsuntsaye masu farauta fiye da 1,100 duk shekara, ciki har da gaggafa 67. Daga baya aka shiga tuge tsofaffin injinan ana maye gurbinsu da manya 'yan kaɗan, ana kauce wa bakin kwazazzabai da gangaren da tsuntsaye suka fi bi.

Masu kare lantarkin iska na da hujjar da suke kawowa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ƙiyasin da Scott Loss da abokansa suka yi a 2013 ya nuna fankoki na kashe tsuntsaye tsakanin 140,000 zuwa 328,000 a shekara a Amurka, yayin da kyanwa ke kashe biliyan 1.3 zuwa 4. Sai dai lissafin bai ƙare a yawa ba. Abin da kyanwa ke kamawa ƙananan tsuntsaye ne masu ƙyanƙyashe 'ya'ya da yawa kowace shekara. Ungulu ƙwai ɗaya take sakawa, gaggafa kuma sai ta shekara huɗu ko biyar kafin ta fara haihuwa. Idan aka rasa manya goma a yanki guda, giɓin kan daɗe bai cike ba. Doka ma ta shigo ciki: a 2013 kamfanin Duke Energy ya amsa laifi a kotu kan mutuwar gaggafa 14 da wasu tsuntsaye a tashoshinsa biyu na jihar Wyoming, ya biya dala miliyan 1.

A tsibirin Smøla na ƙasar Norwe, inda fankoki 68 ke tsaye a mazaunin gaggafar teku mai farin bindi, masana sun gwada dabarar da ba ta buƙatar komai sai fenti. Idan abu na juyawa da sauri, ido kan daina rarrabe shi, kamar yadda fukafukan fankar ɗaki ke narkewa su zama inuwa idan an ƙure ta. A 2013 aka shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti a fankoki huɗu, aka bar sauran biyun farare, don a karya wannan rikicewar ido. Sakamakon da Roel May na cibiyar nazarin halittu ta Norwe ya wallafa a 2020 ya nuna mutuwar tsuntsaye a waɗannan fankoki ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Su kansu masu binciken sun ja kunne cewa fankoki huɗu sun yi kaɗan a yanke hukunci, shi ya sa aka ɗauki gwajin zuwa Holan da Wyoming.

Fenti dai ba ya yi wa jemage amfani, domin shi da kunne yake tafiya cikin duhu. Labarinsa ma ya fi na tsuntsaye ban mamaki. A 2003, a tashar Mountaineer ta jihar West Virginia mai fankoki 44, aka ƙiyasta jemagu 1,400 zuwa 4,000 sun mutu cikin shekara guda. Babu wanda ya yi tsammanin haka daga dabbar da ke iya kama sauro cikin dare ta hanyar sauraren amsa-kuwwar kukanta. Da aka kafa kyamarori masu ganin zafin jiki, sai aka ga jemagu da kansu suke zuwa wurin fanka, su yi ta zagaye ta, suna shiga ta bayan iska kamar yadda suke yi wa doguwar bishiya. Yawancin waɗanda ke mutuwa a Amurka da Kanada nau'i uku ne masu kwana a bishiya, masu yin ƙaura a ƙarshen bazara da farkon kaka.

A 2008 Erin Baerwald ta jami'ar Calgary ta feɗe gawarwakin jemagu daga wata tasha a lardin Alberta, ta tarar kusan kashi 90 cikin 100 jini ya zuba a cikinsu. Ta danganta hakan da faɗuwar matsin iska a kusa da farfela, wanda ke iya fasa jijiyoyin huhu. Binciken da ya biyo baya ya fi karkata ga cewa bugun farfela kai tsaye ne ke kashe mafi yawansu. Ko ta wace hanya ce, asarar na da nauyi, domin yawancin jemagu ɗa ɗaya ko biyu suke haifa a shekara. Manomi kuma shi zai fara ji a jikinsa: wani lissafi da aka buga a mujallar Science a 2011 ya ƙiyasta cewa ƙwarin da jemagu ke cinyewa na sauƙaƙe wa manoman Amurka aƙalla dala biliyan 3.7 a shekara.

Maganin ya fito ne daga ɗabi'ar jemagen kansa. Ba ya son fita idan iska ta yi ƙarfi, domin ƙwarin da yake ci ma ba sa tashi. Daren da iska ke kaɗawa a hankali shi ne nasa, kuma a irin wannan dare fanka ba ta samar da wutar kirki. A tashar Casselman ta jihar Pennsylvania, Edward Arnett da tawagarsa suka hana wasu fankoki juyawa da dare har sai gudun iska ya kai mita 5 ko 6.5 a daƙiƙa. Mutuwar jemagu ta ragu da kashi 44 zuwa 93 cikin 100, wutar da aka rasa a shekara ba ta wuce kashi 1 ba. A Jamus irin wannan sharaɗi ya zama ruwan dare a lasisin sababbin tashoshi. Ana kuma gwada na'urorin da ke fitar da ƙara mai kaifi wadda kunnen mutum ba ya ji, don ta rikita jemage ya kauce, amma ƙarar ba ta kaiwa ƙarshen dogon fiffike.

Duk waɗannan alƙaluma sun dogara ne kan a tsinci gawa kafin dila ko hankaka su riga. Jemage bai kai tafin hannu ba, ciyawa na ɓoye shi. A wani gwaji a Birtaniya, karnukan da aka horar sun gano kashi 73 cikin 100 na gawarwakin da aka ajiye, mutane kuwa kashi 20 kacal.

Afirka ta shigo wannan fage gadan-gadan. A gaɓar Bahar Maliya ta Masar, tashar Jabal al-Zait na zaune a kan hanyar da manyan tsuntsaye fiye da miliyan 1.5 ke bi a ƙaurarsu, kuma a lokacin wucewarsu ana haɗa na'urar rada da masu kallo don tsayar da fankoki. A Kipeto ta Kenya, mai fankoki 60 kusa da duwatsun da ungulaye ke sheƙa, an ƙara wani aiki: ma'aikata na zagayawa su kwashe mushen dabbobi kafin ya jawo ungulu cikin tashar.

Ƙasar Hausa ma na da nata rabon. A Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai tasha mai fankoki 37 da aka tsara ta ba da megawat 10. Farar shamuwar Turai da ke tsallake Jibralta a yankin Sahel take cin rani, dausayin Haɗeja da Nguru kuma masauki ne na ɗimbin tsuntsaye masu ƙaura. Ungulun da a da ke cika kwata da kasuwa ta yi ƙaranci, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta ne suka kai ta nan, ba fanka ba, amma 'yan ragowar ba za su jure ƙarin asara ba. Shi ya sa a ƙasashen da suka riga suka ƙone hannu, kafin a haƙa ramin fanka ko ɗaya, masana kan shafe aƙalla shekara guda a filin, rani da damina, suna ƙirga abin da ke wucewa ta sama da rana, suna naɗar kukan jemagu da dare, sannan su nuna wa injiniya tudun da zai bari.