Azurfa, Darbejiya da Fumfunar Rumbu

Jama'a, ku ciro silin gashi ɗaya ku duba. Kaurinsa ya kai nanomita dubu 80, amma ƙwayoyin azurfar da masana ke haɗawa don yaƙar fumfunar amfanin gona ba sa wuce nanomita 100. Ɗan hakin da ka raina ke nan!

Yadda ake haɗa su ma abin kallo ne. A tafasa ganyen darbejiya ko na zogale, a tace, a ɗiga ruwan cikin narkakken gishirin azurfa, sai ka ga farin ruwa yana rikiɗa har ya koma kalar shayi. Launi ya juya, azurfa ta dunƙule ta zama ƙananan ƙwayoyi.

Ita kanta fumfuna ana sa ta wannan aiki. Fusariyam, wadda ke sa tumatir ya yi yaushi a gona, idan aka jiƙa ta a ruwan gishirin azurfa sai ta ƙera irin waɗannan ƙwayoyin da ake juyowa a yaƙi danginta da su. Da ɗan gari akan ci gari.

Babbar abokiyar gabar kuwa tana cikin buhun gyada da masarar da aka ɗaure da danshi. Fumfuna ce mai ruwan ɗorawa-ɗorawa da kore, tana zubar da guba mai suna afulatoksin da ke cin hanta a hankali. A 1960 ta kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila ta hanyar garin gyadar da aka kawo daga Barazil, a 2004 kuma ta ci rayukan mutum 125 a Kenya ta gurɓatacciyar masara. Allah ya tsare.

Wuta ba ta gama da ita: a soya gyadar, a murza ƙuli-ƙuli, a dama kunu, gubar na nan. Amma a haska ta da fitilar ultrabayolet, sai ta yi ƙyalli shuɗi ko kore. Ɓarawo da fitila a goshi!

Ƙarfe ya daɗe a wannan yaƙi. Manoman inabi a Faransa sun riƙa shafa wa itatuwan bakin hanya ruwan tagulla da farar ƙasa don su hana masu wucewa tsinka, sai aka lura a shekarun 1880 cewa ganyen da aka shafa wa ne kawai cuta ta ƙyale. An kori ɓarayi biyu da sanda ɗaya.

A farantin gwaji, fumfuna kan yaɗu ta zo daf da inda aka ɗiga azurfar ta tsaya cak, ta bar fili zagaye. Abin da ke hana a ruga gona da ita shi ne azurfa ba ta tantance mugu da nagari cikin ƙananan halittun da ke raya ƙasa. Sai an koya mata gane fuska tukuna!