Daga Teburin Rajistara Zuwa Rigar Lauya: Lissafin Shekaru Biyar

A harabar Babbar Kotun Jihar Bauchi da kuma ofisoshin lauyoyi da ke cikin garin, akwai ma'aikatan da suka fi sabon lauya sanin yadda ake shigar da ƙara. Su ne rajistarori da akawuna, waɗanda da yawansu ke riƙe da difiloma ta fannin shari'a, irin wadda ake samu a Kwalejin A. D. Rufa'i da ke Misau. Sai dai duk ƙwarewarsu, doka ba ta yarda su tsaya wa kowa a gaban alƙali ba.

A Ingila akwai wata ƙungiya ta ma'aikatan shari'a, wadda ta sami amincewar gidan sarauta a 2012, da ke bai wa mutum damar hawa mataki-mataki yana kan aikinsa. Nijeriya ba ta da irin wannan tsani. Ƙofa ɗaya ce: digirin shari'a daga jami'ar da Majalisar Ilimin Shari'a ta amince da ita, sannan shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda ta fara aiki a Ikko a 1963, ta kuma koma Bwari ta Abuja a 1997. Reshenta na Bagauda a jihar Kano da na Yola su ne mafiya kusa da Bauchi. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe, shi ake rantsarwa a rubuta sunansa a Kotun Ƙoli.

Abin da difiloma ke saya wa mai ita shekara ɗaya ce tak. Idan sakamakonta ya yi kyau, wasu jami'o'i kan ɗauke shi kai tsaye zuwa aji biyu ta hannun hukumar JAMB, ya yi shekaru huɗu maimakon biyar. A haɗa da ta makarantar horo, shekaru biyar ke nan, in ba a sami yajin aikin malamai ba. Shekarun da ya shafe yana aikin kotu kuwa ba a rage masa ko zango ɗaya saboda su.

A nan ne lissafin ke tsauri. Majalisar ba ta karɓar digirin da aka yi a karatun wucin gadi na yamma, don haka dole magidanci ya bar teburinsa. Ma'aikacin gwamnati na iya neman hutun ƙaro ilimi da albashi, amma akawun ofishin lauya mai zaman kansa sai dai ya ci daga abin da ya tara. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta fasaha ce, saboda haka masu neman shari'a kan nufi tsangayar jami'ar jihar da ke Misau, ko Jos, Kano, Zariya da Maiduguri, ga kuɗin haya ga na iyali da aka bari a gida. Sauƙi ɗaya shi ne, wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa.

Batun ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Dokar aikin lauyoyi ta hana wanda ba lauya ba karɓar lada don rubuta takardar cinikin fili ko gida, kuma tun 2015 ana buƙatar hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa a kan takardun da lauya ya shirya. Attajirin da ke sayen rumfa a Kasuwar Wunti ko fili a hanyar Jos, ya bai wa akawu aikin don araha, yana iya biyan ninkin abin da ya rage ranar da rigima ta kai su kotu.