Mutanen Niyandatal da Ginin da Suka Bari a Cikin Kogo

Yau za mu koma baya ƙwarai da gaske, zuwa wani zamani wanda ba a rubuta labarinsa a takarda ba, sai dai a jikin duwatsu da ƙasusuwa, domin mu ji labarin waɗansu mutanen da, waɗanda a ke kira Niyandatal. Shekaru da yawa Turawa sun mai da sunan nan abin zagi. In suna so su ce mutum dolo ne, marar kan gado, sai su kira shi Niyandatal. To, yau za mu duba mu gani ko zagin nan ya dace da masu sunan.

Ga yadda aka fara saninsu. Cikin shekarar 1856 waɗansu ma'aikata suna fasa dutsen farar ƙasa a wani kwari da a ke kira Neander, kusa da birnin Düsseldorf a ƙasar Jamus, sai suka tono ƙasusuwa a cikin wani ɗan kogo. Da farko an zaci na dabba ne. Da aka kai su wurin wani malamin makaranta mai suna Johann Carl Fuhlrott, ya duba, sai ya ce na mutum ne, amma ba irin mutanen yanzu ba. Kalmar "tal" da Jamusanci ma'anarta kwari, saboda haka Niyandatal watau kwarin Neander ke nan. Daga wannan lokaci zuwa yau an tono ragowar ɗaruruwansu, tun daga Jibraltar a ƙarshen Turai ta yamma har zuwa duwatsun Altai a Saiberiya. Masana sun ƙiyasta sun zauna a waɗannan ƙasashe tun wajen shekara 400,000 da suka wuce, suka ɓace wajen shekara 40,000 da suka wuce. Gajeru ne kakkaura, masu faɗin ƙirji da babban hanci. Ƙashin girarsu ya turo gaba, goshinsu ya kwanta baya, ba su kuwa da haɓa mai tsini irin tamu. Amma ƙwaƙwalwarsu ta kai tamu girma, ta waɗansu ma ta fi.

To, ina aka samo maganar wautarsu? Cikin 1908 aka tono ƙasusuwan wani tsoho a La Chapelle-aux-Saints, a ƙasar Faransa, aka ba wani babban masani mai suna Marcellin Boule ya yi bincike a kansu. Boule ya siffanta shi da cewa a duƙe ya ke tafiya, gwiwoyinsa a tanƙware, kansa ya zubo gaba kamar na goggon biri. Masu zane suka ɗauka, suka cika littattafan makaranta da wannan hoto. Sai cikin 1957 waɗansu masana biyu, William Straus da Alexander Cave, suka sake duba ƙasusuwan, suka ga ashe tsohon nan ciwon sanyin ƙashi ne ya ci masa gadon baya. Suka ce da za a yi masa wanka da aski, a sa masa tufafin zamani, da zai shiga jirgin ƙasa a birnin New York ba wanda zai waiwaye shi. Kun ga ke nan, da marar lafiya guda ɗaya aka auna al'umma duka, aka kuwa yi kusan shekara 50 a kan wannan kuskure.

Yanzu sai mu je wurin da ya fi kowane wuri sake tunanin masana. A kudu maso yammacin Faransa, a gefen kogin Aveyron, akwai wani kogo kusa da ƙauyen Bruniquel. Tun zamanin da ba wanda ya sani duwatsu suka zubo suka toshe bakinsa. Wani mutum ya ji iska tana fitowa daga tsakanin duwatsun, sai ɗansa yaro ya yi shekara 3 yana kwashe su kaɗan kaɗan, har cikin 1990 aka sami ƙofa ƙunƙuntacciya aka shiga. Da aka yi tafiyar mita 336 daga bakin kogon, watau fiye da tsawon filin ƙwallo uku, sai aka iske wani babban ɗaki, a tsakiyarsa kuwa ga abin mamaki.

Kafin in faɗa muku abin da aka gani, sai in bayyana wani abu game da irin waɗannan koguna. Ruwan sama ya kan ratsa dutsen farar ƙasa ya narkar da shi kaɗan, sa'an nan ya riƙa ɗiga daga rufin kogo. Kowane ɗigo ya kan bar ɗan ƙanƙanin farar ƙasa inda ya faɗi. Yau da gobe, bayan ɗaruruwa ko dubban shekaru, sai wani dutse ya tsiro daga ƙasa a tsaye, kamar turken doki. Bari mu kira su turakun dutse.

Abin da aka iske a Bruniquel shi ne an karya turakun nan, an jera gutsattsarinsu wajen 400, an yi da'ira biyu da su, da kuma tsibi huɗu. Babbar da'irar tsawonta mita 6.7, faɗinta mita 4.5, ƙaramar kuwa mita 2.2 ne da mita 2.1. Nauyin gutsattsarin duka ya kai tan 2.2, watau kamar buhun gero 22 masu kilo 100. Ba zuba su aka yi barkatai ba. An zaɓe su kusan tsawo ɗaya, da yawa an cire musu kai da gindi aka bar tsakiya. An ɗora su kan juna, a wani wuri har hawa huɗu, an cusa ƙanana a tsakani domin kada su motsa, an kuma kafa waɗansu a jingine daga waje suna tokare jerin. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin magini yana aza tubali yana cike tsakani zai gane wannan dabara. Bayan haka an ga alamar wuta a wuri 18, mafi yawa a kan ginin kansa, inda zafi ya sa dutsen ya yi ja ko baƙi ya tsattsage. Har da ƙashi ƙonanne.

Su wa suka yi wannan aiki? Amsar tana ga shekarunsa. Masani na farko da ya bincika wurin, François Rouzaud, ya sa aka auna wani ƙonannen ƙashi da ma'aunin kabon, aka sami shekara 47,600. Sai dai ma'aunin kabon ba ya iya wuce wajen shekara 50,000, saboda haka ana iya cewa igiyar awon ce ta ƙare, ba zurfin rijiyar ba. Rouzaud ya rasu cikin 1999, aikin ya tsaya. Cikin 2013 Sophie Verheyden ta ƙasar Beljiyam, da Jacques Jaubert da Dominique Genty na Faransa, suka koma da wani ma'auni dabam.

Ga yadda ma'aunin nan ya ke aiki. Ruwan da ke ɗiga cikin kogo yana ɗauke da ɗan yuraniyom narkakke, amma ba ya ɗaukar wani ma'adini da a ke kira toriyom, gama shi ba ya narkewa cikin ruwa. Saboda haka ran da farar ƙasa ta daskare, akwai yuraniyom a cikinta, babu toriyom. Daga nan yuraniyom ya kan riƙa rikiɗa yana zama toriyom sannu a hankali, bisa wani ƙa'idadden sauri wanda masana suka sani. In an auna yawan wannan da yawan wancan, sai a san shekarun dutsen. Masanan nan suka auna abu biyu. Na ɗaya, ƙarshen kan turakun da aka karya, domin ran da aka karya turke ran nan girmansa ya tsaya. Na biyu, gindin sababbin turakun da suka tsiro a bisa ginin bayan an gama shi. Ginin ba zai riga na farko ba, ba zai kuwa biyo bayan na biyu ba. Awon biyu suka haɗu a wuri guda: shekara 176,500, da ragi ko ƙarin wajen 2,000. Aka buga wannan sakamako cikin 2016 a mujallar Nature.

A wancan zamani mutane irinmu yawancinsu suna Afirka. An sami ƙasusuwansu a Jebel Irhoud ta ƙasar Maroko masu shekara wajen 300,000, amma ba su isa Faransa ba sai bayan fiye da shekara 100,000 da yin wannan gini. Mazaunan ƙasar a lokacin Niyandatal ne kaɗai. Akwai wata babbar dabba da a ke kira beyar wadda ta kan kwanta cikin kogon, tana iya karya turke, amma ba ta jera duwatsu hawa huɗu, ba ta kuwa hura wuta.

Ku dubi abin da aikin nan ke bukata. A can ciki duhu ne ƙirin, ko tafin hannunka ba ka gani. Dole sai da bakin wuta, da wanda zai riƙe shi, da wanda zai tabbata bai mutu ba, domin in ya mutu ba mai fita da rai. Dole a tanadi makamashi tun daga waje. Dole wani ya karya, wani ya ɗauko, wani ya jera, dukansu kuwa su san siffar abin da a ke nufin ginawa tun ba a fara ba. Wannan aikin gayya ne, gayya kuwa ba ta yiwuwa sai da fahimtar juna. Game da amfanin ginin, ra'ayin masana ya rabu: waɗansu sun ce wurin wata al'ada ne, waɗansu sun ce mafaka ce. Ba a sami tarin kayan aiki ko ragowar abinci da za su nuna an zauna a wurin ba.

Ba ginin nan kaɗai ne shaida ba. Ku ɗauki danƙon da su ke manna kan mashi ko wuƙar dutse a ƙota. Akwai wata itaciya mai farin ɓawo a ƙasashen sanyi, wadda Ingilishi ke kira birch. In ka sa ɓawonta a wuta sai ya ƙone ya zama toka. Amma in ka gasa shi ka hana shi iska, kamar yadda masu gawayi ke rufe itace da ƙasa, sai ya fitar da wani baƙin danƙo kamar kwalta. An sami duwatsu masu wannan danƙo a Campitello ta ƙasar Italiya, masu shekara wajen 200,000. A Königsaue ta Jamus kuwa an sami dunƙule biyu, ɗaya yana ɗauke da shatin dutsen da na ƙotar, har da zanen yatsan wanda ya murza shi. Binciken da aka buga cikin 2023 ya nuna danƙon Königsaue a ƙarƙashin ƙasa aka dafa shi, inda ido ba ya ganin abin da ke faruwa. Mai yin haka sai ya san yawan wutar da zai sa da lokacin da zai buɗe, sanin da ba a samunsa sai an koya daga na gaba.

Sai kuma igiya. Cikin 2020 aka ba da labarin wani ɗan guntun zare da aka samu manne a jikin dutse a Abri du Maras, a Faransa, mai shekara tsakanin 41,000 da 52,000. Tsawonsa milimita 6 ne kacal, amma da aka sa shi a madubin ƙara girma sai aka ga tufka ce mai sili uku, daga ɓawon itace na ciki. An murza kowane sili ta gefe ɗaya, sa'an nan aka haɗa ukun aka murɗa ta ɗaya gefen. Mai tufkar rama ya san dalili: in ba a saɓa murɗin ba, igiya warwarewa ta ke yi. Har wa yau, cikin 2018 an nuna waɗansu gatura na dutse daga Faransa, masu shekara wajen 50,000, suna ɗauke da irin kurjin da a ke samu in an ƙyasta wuta.

Akwai kuma wata shaida wadda ba ta hannu ba ce, ta zuciya ce. Cikin 1957 Ralph Solecki ya tono ƙasusuwan wani mutum a kogon Shanidar, a arewacin Iraƙi. Wani bugu ya farfasa masa gefen fuska na hagu, hannunsa na dama ya shanye ya guntule, ƙafarsa ta sami rauni, ga kuma alamar kurumta. Duk da haka raunukan sun warke, ya rayu har ya kai wajen shekara 40. A ƙasar da abinci sai an yi farauta, mutum irin wannan ba zai kai haka ba sai da masu ciyar da shi suna kula da shi.

Wataƙila wani zai ce, mu ina ruwanmu da mutanen da suka ɓace a Turai? To, cikin 2010 Svante Pääbo da abokan aikinsa suka karanta ƙwayoyin gadon Niyandatal daga ƙasusuwansu, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel cikin 2022. Suka gano cewa sa'ad da mutane irinmu suka fita daga Afirka sun yi auratayya da su, har mutanen Turai da Asiya na yau suna ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gadonsu. Cikin 2020 wani bincike ya nuna mutanen Afirka ma suna da ɗan kaɗan, wajen kashi 0.3 cikin 100, yawancinsa ta hanyar waɗanda suka komo Afirka daga baya. Ashe dai dangi ne, ko da ya ke na nesa.

Kada kuwa mu zarce gona da iri. Niyandatal ba su gina gari ba, ba su yi noma ba, ba su ƙera ƙarfe ba. Amma a zamanin da aka jera turakun Bruniquel, mutane irinmu ma ba su yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Noma kansa bai fi shekara 12,000 da farawa ba. In za a auna su, sai a auna su da tsararrakinsu. Boule ya dubi goshi da gira ya yanke hukunci, waɗanda suka zo bayansa kuwa suka dubi aikin hannu, suka iske magina, da masu tufka, da masu jinyar marar lafiya.