Shirin Musamman: Jar Ƙwallon Cikin Nokia

 Yau shirin na waɗanda suka taɓa riƙe ƙaramar Nokia mai madannai ne. Kun tuna da 'yar ƙwallon nan ja, mai tsalle-tsalle tana shiga cikin zobba? To, ita ce Bounce, kuma har gobe musu bai ƙare a kanta ba.

Kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ne ya fito da wasan a 2001, daga baya ya bazu a wayoyi masu allo mai kala. Ka danna 4 ta yi hagu, 6 ta yi dama, 2 ta yi sama. Matakai 11 ne kacal, kuma ƙofar fita ba ta buɗewa sai ka bi ta kowane zobe.

Amma dabarar ce abin sha'awa, jama'a. Akwai wurin da ake hura ƙwallon ta kumbura, akwai inda ake sace mata iska ta koma ƙarama. In ta kumbura, sai ta taso saman ruwa. In ƙarama ce, sai ta nutse. Wani zoben yana can ƙarƙashin ruwa, wani kuma ƙanƙane ne, babbar ƙwallo ba ta shigarsa. Ke nan kafin ka yi tsalle sai ka tsaya ka yi lissafi: in kumbura yanzu, ko sai na dawo? Ga ƙayoyi kuma jere a hanya, kana taɓa ɗaya, fus, ta fashe. Sai ka tsaya ka yi lissafi, na ce, ba saurin yatsa kaɗai ba.

A nan ne 'yan wasa suka rabu. In hirar ta taso a teburin mai shayi ko a rumfar masu gyaran waya, za ka ji masu cewa wahalar ce daɗin wasan, wanda bai sha fashewa ba bai san Bounce ba. Wasu kuwa su ce kai, zalunci ne, mataki ɗaya ya cinye maka caji. Sai kuma 'yan lamba. Wa ya tuna 787898? Kana danna ta, ƙaya ta daina fasa ka. Lambar nan baki da baki ta yaɗu, tun kafin intanet ta shiga aljihun kowa. Masu ita suna cewa ai waɗanda suka ƙirƙiri wasan ne suka saka ta. Sauran suna cewa satar amsa ce. Ni dai, gaskiya, ina bayan masu cewa satar amsa ce.

To ga abin da ya fi ɗaure mini kai. A 2008 aka fito da Bounce Tales, inda ƙwallon ta samu idanu da labari, har da mugu mai suna Hypnotoid, tana kuma rikiɗa ta zama dutse mai nauyi ko wata mai sauƙi kamar balan-balan. Wa ya yi wa Nokia wannan aiki? Wani ƙaramin kamfani na Finlan, Rovio, wanda ɗalibai uku suka kafa a 2003. Sun yi wasanni 51, babu wanda ya fitar da su kunya sosai, har suna dab da karyewa. Na 52, a Disambar 2009, shi ne Angry Birds. Na hamsin da biyu, jama'a! A 2023 kamfanin Sega na Japan ya saye Rovio a kan sama da yuro miliyan 700.

Lokaci yana ƙure mana. A taƙaice, yaran 2008 suna cewa Tales ya fi kyau da kala, manyansu suna cewa ya yi sauƙi da yawa, wasan yara ne. A wurina na farkon ya fi, don shi ne yake sa mutum tunani. Ku kuma fa? Wanda ya gama matakai 11 ba da lamba ba, layinmu a buɗe yake, ya kira mu ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah.