"In line" ko "on line"? Gaskiya da ƙarya kan Turancin bin layi

Ɗalibai da malaman Turanci sun sha tafka musu kan yadda ake cewa mutum yana bin layi. Wani ya ce "in line", wani ya ce "on line", wani kuma ya rantse cewa "queue" kaɗai ce daidai. Bari mu bi maganganun ɗaya bayan ɗaya.

Ana cewa "on line" kuskuren wanda bai iya Turanci ba ne. Ƙarya ne. Haka mutanen birnin New York da kewayensa, har da Long Island da arewacin New Jersey, suke faɗa, kuma da Turancin suka buɗe baki. Binciken karin harshe da Bert Vaux ya jagoranta a Jami'ar Harvard, wanda aka kammala a 2003, ya nuna cewa mafi yawan Amurkawa "in line" suke cewa, masu "on line" kuwa a wannan yanki suka fi yawa.

Ana cewa intanet ce ta kawo "on line". Wannan ma ƙarya ne. Mutanen New York suna faɗin haka tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje. Abin da intanet ta jawo kawai shi ne ruɗani, don yanzu mai sauraro na iya zaton kan intanet ake nufi.

Ana cewa daga tsibirin Ellis da ke New York "on line" ta fito, wai baƙin da ke shiga Amurka kan tsaya a kan layin da aka zana a ƙasa. Tsibirin dai gaskiya ne: baƙi kusan miliyan 12 suka bi ta nan tsakanin 1892 da 1954. Amma zancen zanen layi labari ne na baka, babu wata hujja da ta tabbatar da shi.

Ana cewa Amurkawa ba su san "queue" ba. Akwai gaskiya kaɗan. A banki ko kanti ba su cika faɗinta ba, sai dai suna amfani da ita a harkar kwamfuta. A Birtaniya kuwa ita ce kalmar yau da kullum. Daga Faransanci aka aro ta, inda take nufin wutsiya, kuma Thomas Carlyle ya yi amfani da ita da ma'anar layin mutane a littafinsa na juyin juya halin Faransa a 1837. Mai tsallake layi, a Ingila "jump the queue" ya yi, a Amurka "cut in line".

Mu a Najeriya Turancin Birtaniya muka gada, amma jaridunmu da masu bin layin mai sukan ce "on the queue", alhali Turawan Ingila "in the queue" suke cewa.

Don haka ɗalibi, a takardar jarrabawa rubuta "in the queue" ko "in line". In ka ji mutumin New York ya ce "on line", kada ka gyara masa, karin garinsu ne.