Me Ya Sa Manhajar Ta Yi Aiki a Wayar Mai Ita, Ta Ƙi Yi a Shago?

A ce matashi ne a Gwaram ya koyi rubuta manhaja da kansa, ya haɗa wa mai shagon hatsi wata 'yar manhaja ta rubuta bashi. Ya gwada a wayarsa, lafiya lau. Aka sa a tsohuwar wayar mai shago, da an zo ƙara kuɗi kan sunan da ke ciki sai ta rufe kanta. Idan littafin bashi ya ƙi buɗewa ranar kasuwa, ba wanda zai saurari bayani.

Sau da yawa matsalar tana cikin rumbun bayanai. Kowace wayar Android tana zuwa da SQLite a cikinta, kuma zubinsa yana ɗaure da zubin Android ɗin. Umarnin UPSERT, wanda ke cewa "in babu sunan a saka, in akwai a gyara", ya shigo SQLite ne a zubi na 3.24 a shekarar 2018. Android 10 ta fito a 2019 amma da 3.22 ta zo. Sai a Android 11 aka samu 3.28. Wayar da kamfaninta ya daina sabunta ta a Android 10, har ta mutu ba za ta gane umarnin ba. Irin waɗannan wayoyin kuwa na hannu ne da ake saye da araha, su ne a hannun 'yan kasuwa da yawa daga Gwaram har Birnin Kudu.

Haka abin yake a sabar da ke ɗauke da bayanan. Debian 12 ta fito a watan Yunin 2023 da PostgreSQL 15. Bayan wata uku PostgreSQL 16 ya fito, na 17 ya biyo a 2024, amma mai girkawa daga ma'ajiyar Debian 12 na 15 ɗin zai ci gaba da samu.

Da gangan suke yi. Da zarar sun fitar da babbar manhaja, sai su kulle zubin kayan cikinta, abin da ke shigowa kawai gyaran kurakurai ne da toshe kafar tsaro. Suna da hujja: tsallakawa daga PostgreSQL 15 zuwa 16 yana buƙatar a kwashe bayanan a mayar da su sabon tsari. Ba mai son wannan ya faru da kansa cikin dare, balle inda wuta ke iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki.

Inda abin ke da ɗan ciwo shi ne ƙarshen wa'adi. PostgreSQL shekara 5 yake kula da kowane zubi. Na 14, wanda ke cikin Ubuntu 22.04, wa'adinsa Nuwamban 2026 ne, alhali ita Ubuntu ɗin tana da sauran kulawa har Afrilun 2027.

Mai son sabo a sabar zai iya ƙara ma'ajiyar PostgreSQL ta kansu, apt.postgresql.org, amma ya fara ajiye kwafin bayanansa a wani wuri. A waya kuma, ko dai a cusa sabon SQLite cikin manhajar, ta ƙara nauyi da cin data wajen saukewa, ko a rubuta umarnin da tsohon zubi ke ganewa. Ga manhajar bashin shago, hanya ta biyu ta fi, kuma gwajin farko a yi shi a wayar mai shagon.